Lissafin abin da kogunan duniya ke zubawa a teku

Ruwan saman da ya sauka kan rufin kwano a Kaduna da wanda ya sauka a Kano, ko da hadari ɗaya ne ya kawo su, makomarsu daban-daban ce. Na Kaduna yakan bi kwatoci ya faɗa Kogin Kaduna, ya shiga Neja daura da Fategi, ya ratsa Lakwaja da Anacha, daga ƙarshe ya saje da Tekun Atlantika. Na Kano kuwa ba ya taɓa ganin teku. Kogin Kano da na Challawa kan miƙa shi ga Kogin Haɗeja, akasarinsa ya ƙare a fadamun Haɗeja da Nguru, ɗan abin da ya saura ya bi Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi, inda rana da ƙasa ke raba shi tsakaninsu. Kimanin kashi ɗaya bisa biyar na doron ƙasa irin Kano ne, ruwansa ba shi da mafita. Mafi yawan sauran kuwa gangarensu teku yake fuskanta.

Nawa ne yawan ruwan da ke isa can a shekara, kuma me yake ɗauke da shi? Masana sun shafe fiye da ƙarni guda suna bin wannan tambaya kogi bayan kogi. Amsarta ta shafi yawan kifin da masunta ke kamawa, da tsawon rayuwar madatsun ruwa, da ko garin bakin teku zai tsaya ko igiyar ruwa za ta cinye shi, har ma da hasashen sauyin yanayi.

Yawan ruwan

Da kubik mita ake auna ruwan kogi. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, wato jarka 40 masu cin lita 25. Idan lissafi ya yi girma sai a koma kubik kilomita, wanda shi kuma lita tiriliyan ɗaya ne.

A shekarar 2002 wasu masana biyu a Amurka, Aiguo Dai da Kevin Trenberth, suka tattara bayanan manyan koguna 921, suka ƙiyasta cewa kogunan duniya na zuba ruwa kimanin kubik kilomita 37,300 a teku kowace shekara. Da yawa daga cikin ƙididdigogin da aka yi kafin nan da bayan nan sun tsaya tsakanin 36,000 da 40,000. In aka kasa wannan adadi bisa daƙiƙoƙin shekara, aka auna shi da tankar mai mai cin lita 33,000, za a ga tankoki fiye da 35,000 ne ke juye kayansu a teku kowace daƙiƙa, dare da rana. Duk da haka, da za a kwashe tekunan duniya ƙaf, sai koguna sun yi shekara kusan 36,000 suna kwarara kafin su sake cika su.

Rabon wannan ruwa tsakanin koguna babu adalci a cikinsa ko kaɗan. Kogin Amazon na Kudancin Amurka shi kaɗai yana fitar da kimanin kubik mita 209,000 a daƙiƙa, tsakanin kashi 15 da 20 cikin ɗari na jimillar duniya. Tafkin Kainji, wanda ke cin kubik kilomita 15 idan ya cika maƙil, Amazon zai cika shi cikin awa 20. Ƙarfin ruwan ya kai ga tura gishirin teku baya da nisa mai yawa. Matuƙin jirgin ruwan nan na Sifen, Vicente Pinzón, da ya iso wurin a 1500 ya ɗebi ruwan da za a iya sha alhali yana tsammanin a tsakiyar teku yake, sai ya raɗa wa wurin suna teku mai daɗin ruwa.

Na biyu shi ne Kogin Kwango, da kimanin kubik mita 41,000 a daƙiƙa, kashi ɗaya bisa biyar ke nan na Amazon. Kwango ya tsallaka layin da ya raba duniya biyu har sau biyu, don haka kusan kowane wata akwai sashen da ake damina a yankinsa, ruwansa ba ya ja da baya sosai kamar na kogunan Sahel. Bayansa sai Orinoko a Benezuwela, da haɗakar Ganjis da Brahmaputra a Bangaladash, da Yantse na ƙasar Sin mai kimanin 30,000. Akwai kuma manyan kogunan Saiberiya, Yenisei da Lena da Ob, waɗanda ke kwance ƙarƙashin ƙanƙara rabin shekara sannan su fashe gaba ɗaya a watan Yuni. Tekun da suke shiga a ƙuryar arewacin duniya bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na ruwan tekuna ba, amma yana karɓar fiye da kashi 10 na ruwan koguna.

Nilu, duk da tsawonsa na kilomita 6,650 da sunan da ya yi, ba ya cikin wannan sahu. Yarjejeniyar da Masar da Sudan suka ƙulla a 1959 ta ɗauki ruwansa a Aswan a matsayin kubik kilomita 84 a shekara: 55.5 na Masar, 18.5 na Sudan, 10 kuma rabon rana. Babu abin da aka ware wa Bahar Rum, kuma a yau abin da ke isa can akasari ragowar ruwan gonaki ne. Tsawon kogi ba shi ne yawan ruwansa ba. Abin da ke hukunci shi ne ruwan saman da ke sauka a yankin da yake tatsa, da abin da rana da mutane suka rage masa a hanya.

Yadda ake samo alƙaluman

Auna kogi tsohuwar sana'ar gwamnati ce, kuma haraji ne ya haife ta. A tsibirin Rauda da ke Alƙahira har yanzu akwai ma'aunin Nilu da aka gina a shekarar 861 bisa umarnin Halifa Mutawakkil: rijiya ce mai ginshiƙi a tsakiya, an tsaga masa alamomin kamu. In ruwa ya kai kamu 16 an san za a yi albarka, sai a yanka haraji daidai da haka. In ya gaza, hukuma ta shiga shirin yunwa. Amma wannan tsayin ruwa kawai yake nunawa. A 1674 ne Bafaranshe Pierre Perrault ya gwada ruwan saman da ke sauka a mafarin Kogin Sen da abin da kogin ke ɗauka, ya gano cewa ruwan saman ya ninka na kogin kusan sau shida. Kafin shi malamai da yawa na ganin ruwan sama ba zai isa ya rayar da koguna ba, suna zaton ta ƙarƙashin ƙasa teku ke dawo musu da ruwa.

Hanyar da ake bi a yau ba ta da sarƙaƙiya a baki. A zaɓi wuri, a auna faɗin kogin da zurfinsa, a auna gudun ruwan a wurare da dama, a ninka. Bayan an maimaita haka a lokacin cika da lokacin janyewa, sai a fitar da jadawalin da ke danganta tsayin ruwa da yawansa. Daga nan ma'aikaci ɗaya da ke duba sandar awo safe da yamma ya wadatar. Wahalar ita ce kogi ba ya zama yadda aka bar shi. Ambaliya ɗaya na iya yashe gindinsa ko ta tara masa yashi, jadawalin ya lalace ba tare da kowa ya sani ba. Sannan a ranar da aka fi buƙatar awo, ranar babbar ambaliya, ita ce ranar da babu mai yarda ya shiga kwalekwale.

Ba a kuma yin awon a bakin teku, domin can ruwa gaba yake yi ya dawo baya sau biyu a yini. Ma'aunin Amazon da duniya ta dogara da shi yana garin Óbidos ne, kimanin kilomita 800 daga teku, kuma sai a 1963 da 1964 aka fara auna shi da kayan aiki na sosai, lokacin da masanan Amurka suka haɗa hannu da sojojin ruwan Birazil. Na Kwango yana Kinshasa, inda ake rubuta tsayin ruwa tun farkon shekarun 1900. Duk abin da ya shiga kogi a ƙasan ma'auni, ƙiyasi ake yi masa. Haka ma dubban ƙananan koguna da ba a taɓa kafa musu sanda ba: a lissafin Dai da Trenberth, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na ruwan duniya ta wannan hanya aka cike shi.

Cibiyoyi biyu ne suka fi riƙe wannan taska. Ta farko ita ce cibiyar tattara bayanan kwararar koguna ta duniya, GRDC, da aka kafa a 1988 a birnin Koblenz na Jamus ƙarƙashin hukumar kula da yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Tana ajiye da bayanan tashoshin awo sama da 10,000 daga ƙasashe kusan 160. Ta biyu shirin GEMS ne na sa ido kan ingancin ruwa, wanda hukumar muhalli ta Majalisar ta fara a 1978. A ƙarƙashinsa ne, a tsakiyar shekarun 1990, masanin Faransa Michel Meybeck da abokin aikinsa Alain Ragu suka haɗa kundin da ake kira GEMS-GLORI, rajistar koguna 555 masu shiga teku. Ƙa'idar shiga kundin ita ce kogi ya cika ɗaya daga cikin sharuɗɗa huɗu: yankinsa ya haura murabba'in kilomita 10,000, ko ruwansa ya haura kubik kilomita 10 a shekara, ko lakarsa ta haura tan miliyan 5, ko mazauna yankinsa su haura mutum miliyan 5. Kowane kogi an buɗe masa gurabe na ruwa da laka da gishiri da sinadaran taki. Gurabe da yawa, musamman na Afirka da kudu maso gabashin Asiya, a wofi suka fito. A 2011 John Milliman da Katherine Farnsworth suka faɗaɗa aikin zuwa koguna sama da 1,500.

Gishirin da harshe ba ya ji

Kowane kogi yana da gishiri, sai dai bai kai a ɗanɗana ba. Kubik mita ɗaya na ruwan teku na ɗauke da narkakken gishiri kilo 35. Na matsakaicin kogi kuwa giram 100 ne da ɗan ɗoriya, abin da bai cika gwangwanin madara ba. Daniel Livingstone ya ƙiyasta miligiram 120 a kowace lita a 1963, Meybeck ya sake lissafi a 1979 ya sauko da shi kusa da 100 idan aka cire abin da ɗan'adam ya ƙara. Ƙanƙantar adadin kada ta ruɗi mai karatu: idan aka ninka shi da yawan ruwan duniya, kusan tan biliyan 4 ne a shekara.

Daga duwatsu yake fitowa. Ruwan sama kan haɗu da iskar kabon a sararin sama da cikin ƙasa ya ɗauki ɗan tsami, tsamin nan kuma ya yi ta lasar dutse sannu a hankali. Dutsen da ake siminti da shi, irin na Kalambaina da Ashaka da Obajana, yana narkewa da sauƙi, shi ya sa kogunan da suka ratsa irinsa, kamar Yantse, ke ɗauke da ninki biyu na matsakaicin duniya. Tsofaffin duwatsu masu tauri irin na Kufena da Kwatarkwashi kuwa da ƙyar suke sakin wani abu. Kwango ya fi bin irin wannan ƙasa da ruwan sama ya daɗe da wanke ta, don haka bai wuce miligiram 35 a lita ba. Rio Negro, reshen Amazon, ya fi shi ma tsarki ta fuskar gishiri, amma launinsa kamar baƙin shayi saboda ruɓaɓɓen ganyen daji. A birnin Manaus yana haɗuwa da Solimões mai ruwan kunu, su jera kilomita shida kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya.

Wani abin lura shi ne gishirin kogi da na teku ba iri ɗaya ba ne. A kogi sinadarin kalsiyam da bayikabonet ne suka fi yawa. A teku kuwa sodiyam da kulorayid, wato gishirin miya. Dalilin yana ga masu cin kayan. Da zarar kalsiyam ya isa teku, katantanwa da murjani da ƙananan halittu kan kama shi su gina ɓawonsu, in sun mutu ya kwanta a ƙasa ya koma dutse. Haka wasu ƙwayoyin tsiro ke yi da silika. Sodiyam ba shi da mai so, sai ya yi ta zama har gomman miliyoyin shekaru, alhali kalsiyam bai fi shekara miliyan ɗaya yake yi ba. Kamar kasuwa ce: kayan da ake rububi ba ya taruwa a rumfa, wanda ya yi kwantai shi ke cika shago.

Rashin sanin wannan ya taɓa kai wani babban masani ga kuskure mai daraja. Edmond Halley ya ba da shawara tun 1715 cewa za a iya gane shekarun duniya daga gishirin teku. A 1899 John Joly na Ailan ya aiwatar: ya raba yawan sodiyam na teku da abin da koguna ke kawowa a shekara, ya samu shekara miliyan 80 zuwa 100. Shekarun duniya a awon yau biliyan 4.5 ne. Joly ya ɗauka gishiri shiga kawai yake yi, bai lissafa wanda ke fita ta kwanciya a ƙasan teku ba, da wanda iska ke ɗauka daga feshin igiyar ruwa ta mayar tudu, koguna su sake dawo da shi.

Inda ruwa ba shi da mafita kuwa, a tudu gishirin ke tsayawa. Kanwar da fatake suka yi ƙarnoni suna kawowa kasuwannin ƙasar Hausa daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga ta wannan hanya ta samu: ruwa ya kwaso narkakkun sinadarai, rana ta ɗauke ruwan, ta bar kayan a kwari.

Lasar dutsen nan tana da wani aiki da ya wuce gishiri. Tana zuƙe iskar kabon daga sama ta aika da ita teku a narke. Idan aka haɗa da ruɓaɓɓen ganye da ƙasa, koguna na kai kusan tan biliyan ɗaya na kabon teku a shekara. A tsawon miliyoyin shekaru wannan na cikin abubuwan da suka hana duniya yin zafin da ya wuce kima, sai dai tafiyarsa ta hawainiya ce idan aka gwada da hayaƙin da injina ke fitarwa yanzu.

Laka da yashi

Abin da koguna ke ɗauka ba a narke ba ya ninka narkakken kusan sau biyar. Milliman da Farnsworth sun sa shi a kan tan biliyan 19 a shekara kafin madatsun ruwa su rage shi, kwatankwacin tirela 20 masu ɗaukar buhun siminti 600 a kowace daƙiƙa. A nan jerin gwanaye ya sauya. Ganjis da Brahmaputra, masu gangarowa daga tsaunukan Himalaya, na kawo kusan tan biliyan ɗaya. Kwango mai ruwa daidai da nasu bai wuce miliyan 40 da 'yan kai ba. Rawayen Kogi na Sin, wanda ruwansa bai kai rabin na Neja ba, ya taɓa ɗaukar tan biliyan 1.6 a shekara. Tudu mai gangare da ƙasa mai taushi da ruwan sama mai ƙarfi su ne ke haifar da laka. A 1992 Milliman da James Syvitski suka nuna cewa gajerun kogunan tsibirai masu tsaunuka, irin na Taiwan da Indunusiya da Niyu Gini, waɗanda tsofaffin ƙididdigogi suka raina, suna kawo kaso mai tsoka na lakar duniya. Irin waɗannan koguna kan kwashe lakar shekara guda cikin 'yan kwanaki na guguwa, don haka jami'in da ke zuwa ɗibar samfuri sau ɗaya a wata zai iya rasa kusan komai.

Ɗan'adam ya taɓa wannan lissafi ta fuska biyu masu karo da juna. Sare daji da noma sun ƙara zaizayar ƙasa, madatsun ruwa kuma sun tare lakar a hanya. Wani bincike da Syvitski ya jagoranta a 2005 ya ƙiyasta cewa abin da ke isa gaɓar teku ya ragu da tan biliyan 1.4 a shekara, kuma fiye da tan biliyan 100 na kwance a bayan madatsu. Asarar biyu ce: madatsa na cikewa, gaɓar teku na ramewa.

Masar ta ga haka da idonta. Kafin a kammala babbar madatsar Aswan a 1970, Nilu na kawo laka fiye da tan miliyan 100 a shekara. Da ta tsaya, teku ya fara cin bakin reshen Rashid, a wasu shekarun fiye da mita 100, kamun kifin sadin kuma ya faɗo daga kimanin tan 18,000 a farkon shekarun 1960 zuwa ƙasa da tan 1,000 kafin shekarun su ƙare. A Gana, madatsar Akosombo ta 1965 ta riƙe yashin Kogin Bolta, zaizayar da ta riga ta fara a garin Keta ta ƙara tsanani har teku ya haɗiye babban ɓangaren garin. Igiyar ruwa a wannan gaɓa daga yamma zuwa gabas take tura yashi, saboda haka abin da aka tare a Gana ana jin rashinsa a Togo da Benin. Wasu kogunan ma ruwan kansa ne ya daina isa: Kolorado na Amurka da wuya ya taɓa teku tun shekarun 1960, Rawayen Kogi kuma ya yi kwana 226 bai kai bakin teku ba a 1997.

Abin da gonaki da birane suka ƙara

Tun da aka fara sarrafa takin zamani a masana'anta a Jamus a 1913, sinadarin naitirojin da ke bin koguna ya ƙaru ƙwarai, haka ma fosfaros. Taki a teku aikin da yake yi a gona yake yi: gansakuka ta yi yabanya, ta mutu, ta nutse, ƙwayoyin da ke ruɓar da ita su shanye iskar shaƙa da ke cikin ruwan. Kifi ya gudu, abin da ba ya iya gudu ya mutu. Misisifi, wanda ke tatsar kashi 41 cikin ɗari na babban yankin Amurka har da gonakin masararta, yana haifar da irin wannan mataccen yanki a Mashigin Tekun Meziko kowace bazara. Ana auna shi tun 1985, kuma a 2017 ya kai murabba'in kilomita 22,700, ya fi Jihar Kano faɗi. Wani nazari na 2008 ya ƙirga irin waɗannan wurare fiye da 400 a duniya. Abin yana iya gyaruwa: da tattalin arzikin gabashin Turai ya durƙushe bayan 1990 manoma suka kasa sayen taki, mataccen yankin da Kogin Danub ya haddasa a Bahar Aswad ya ja da baya.

Batun leda da robobi shi ne ya fi nuna raunin alƙaluman. A 2017 wani bincike daga Jamus ya ce koguna goma kacal, ciki har da Neja da Nilu, su ne ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin ɗari na robar da koguna ke kaiwa teku, jaridun duniya kuma suka yi ta yayatawa. Bayan shekara huɗu wani binciken ya ce a'a, koguna fiye da 1,000 ne ke kawo kashi 80, kuma ƙananan kogunan birane ne kan gaba, Kogin Pasig na Manila a Filifin shi ne na ɗaya. Duka biyun lissafin kwamfuta ne da aka ɗora kan awo ƙalilan. Wanda ya ga irin wannan adadi a kanun labarai, ya dace ya fara tambayar koguna nawa aka shiga aka auna.

Neja a cikin kundin

Kogin Neja, wanda Hausawa ke kira Kwara, ya taso ne daga tsaunukan Gini, kimanin kilomita 240 kacal daga Atlantika, amma ya juya wa tekun baya ya nufi hamada, ya yi tafiyar kilomita 4,180 kafin ya koma gare shi. A fadamun tsakiyar Mali, kafin Tumbutu, rana da ƙasa kan shanye daga kashi ɗaya bisa uku zuwa kusan rabin ruwansa. Binuwai ne ke farfaɗo da shi a Lakwaja, da ruwan da a lissafin shekara ya kai ko ya zarce na Nejan kansa. A haɗe suna kai wa teku kimanin kubik mita 5,600 a daƙiƙa, tanka 170 ke nan, ninki biyu na abin da aka lissafa wa Nilu a Aswan. Gishirinsa bai kai matsakaicin duniya ba, domin shi ma tsohuwar ƙasa yake bi.

Daga Yamai zuwa Kainji kogin na cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta damina ce, daga Agusta zuwa Oktoba, ruwa mai kauri da laka daga ƙoramun kusa. Ta biyu ruwan Gini ne da ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya sauke lakarsa a can, ya iso garau a tsakiyar hunturu. Tashar awo ta Kulikoro a Mali na aiki tun 1907, ta Yamai tun 1929, kuma su ne suka adana shaidar abin da ya faru da kogin. A watan Yunin 1985, bayan shekarun fari, Neja ya daina gudu a Yamai. A Satumbar 2020 kuma ya kai tsayin kusan mita 7 a wuri guda, abin da ba a taɓa rubutawa ba. Masana sun lura cewa ƙoramun Sahel irin su Sirba sun ƙara kawo ruwa ko a shekarun da ruwan sama ya ragu, saboda ƙasar da aka sare wa itace ta daskare, ruwa ba ya shiga cikinta, sai ya gangara da gudu ɗauke da jar ƙasa.

Alhakin tattara waɗannan bayanai na wuyan hukumar kula da yankin Kogin Neja mai ƙasashe tara da hedikwata a Yamai, wadda ta samo asali a 1964, da kuma hukumar NIHSA a Najeriya. Amfaninsu na kusa ya fi na teku gaggawa. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu, ta 2022 ta kashe sama da 600, kuma a duka biyun an yi ta muhawara kan sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru da lokacin da sanarwa ta iso.

Giɓin da ya rage

Abin takaici, yawan tashoshin da ke aika bayanai zuwa taskokin duniya ya kai ƙololuwa ne a wajajen 1980, daga nan ya yi ta raguwa. Wasu tashoshin rashin kuɗi ya rufe su, wasu yaƙi, wasu kuma suna aiki amma gwamnatoci sun kulle alƙaluman a matsayin sirrin ƙasa, musamman inda maƙwabta ke jayayya kan kogi ɗaya. Indiya ba ta sakin cikakkun bayanan Ganjis, kuma a 2017, lokacin zaman ɗar-ɗar a kan iyaka, Sin ta dakatar da ba ta bayanan Brahmaputra. Wannan na faruwa ne daidai lokacin da kogunan ke sauya hali. Ruwan manyan kogunan arewacin Rasha shida ya ƙaru da kashi 7 cikin ɗari tsakanin 1936 da 1999. A Manaus, inda ake awo tun 1902, Rio Negro ya sauka zuwa mita 12.70 a Oktobar 2023, mafi ƙanƙanta a tarihi, sannan ya karya wannan tarihin a shekarar da ta biyo.

A ranar 16 ga Disambar 2022 Amurka da Faransa suka harba tauraron ɗan'adam mai suna SWOT, wanda ke auna tsayi da faɗi da gangaren duk kogin da faɗinsa ya kai mita 100, ba tare da neman izinin kowace ƙasa ba. Sai dai saman ruwa kawai yake gani. Zurfin kogi sai an ƙiyasta, lissafinsa kuma sai an gwada shi da na tashoshin ƙasa kafin a amince da shi. Kalsiyam da naitirojin da sauran narkakkun sinadarai kuwa ba sa bayyana daga sama. Har yanzu sai ma'aikaci ya shiga kwalekwale da kwalba, ya ɗebo ruwan daga tsakiyar kogi, ya kai ɗakin gwaji kafin ya sauya.